Mudun Iska: Daga Kano Zuwa Tafkin Nyos

Sana'ata ba ta da suna a bakin mutane. In an tambaye ni a wurin ɗaurin aure, nakan ce ni mai gyaran na'ura ne a wani kamfanin lemo a Kano, a wuce wurin. Gaskiyar magana ita ce, abincina yana jikin wasu 'yan akwatuna da aka kafa a gindin bango, waɗanda aikinsu guda ne: su kwarma ihu idan iskar kabon dayoksaid ta taru a ɗaki. Ita ce iskar da ke sa lemon kwalba kumfa idan an buɗe, ita ce kuma muke fitarwa a numfashi. Ba ta da launi, hanci ba ya kama ta, nauyinta ya kai ɗaya da rabi na iskar da muke shaƙa, don haka takan gangara ta kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwari. Kada a haɗa ta da hayaƙin janareta da ke kashe iyali a ɗaki. Wancan kabon monoksaid ne, halinsu daban, na'urar gano su ma daban.

Duk wanda ya koyi wannan aiki an ba shi labarin Tafkin Nyos na ƙasar Kamaru. Ni ma an ba ni, na rubuta a jarrabawa, na ci. Sai a watan Janairun 2016 wani abokin karatuna, Bahaushen Bamenda, ya gayyace ni bikin ƙanwarsa. Na ce zan zo, amma da sharaɗi: in an watse daga biki, ya kai ni tafkin. Ya ce, "Wasu na zuwa biki don shinkafa, kai kana zuwa don iska. Taho."

Daren da zan tashi na zauna na yi wa ƙaramar na'urata ta hannu saiti. Yadda take aiki ba wuya. A cikinta akwai ɗan ƙwan fitila mai ba da hasken da ido ba ya gani, da wani ido a ɗaya gefen mai karɓar hasken. Kabon dayoksaid tana shanye wani yanki na wannan haske, wanda tsawon zangonsa ya kai maikiron 4.26. Gwargwadon yawan iskar a tsakani, gwargwadon raguwar hasken da ke isa, sai na'ura ta mayar da ragin lamba. Matsalar ita ce ƙwan yana tsufa, ƙura tana kwanciya, danshi yana shiga, lambar ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan ba tare da ta yi sallama ba.

Saboda haka ake auna ta da abin da aka riga aka san ƙimarsa. Na kunna ta na bar ta ta ɗumama. Na ɗaura tiyo a bakinta daga tukunyar naitirojin zalla, na buɗe kan tukunya a kan rabin lita a minti, na jira lamba ta tsaya, na ce mata wannan shi ne sifiri. Ba a yin sifiri da iskar tsakar gida, domin a wancan lokaci iskar fili tana ɗauke da kusan kashi 400 cikin miliyan na kabon dayoksaid, yau ma ta haura 420. Sannan na canja zuwa tukunya ta biyu, wadda aka rubuta 5,000 a jikinta, bayan na duba cewa kwanan watanta bai ƙare ba. Na'ura ta nuna 4,930, na ɗaga ta zuwa daidai, na rubuta a littafi. Na naɗe ƙananan tukwanen biyu cikin bargo, na tura ƙasan jaka tare da babbar rigar biki.

Mun bar tasha da asuba, hazo ya rufe gari. Muka bi ta Jos, muka gangara Akwanga, muka wuce Lafiya, muka shiga Makurdi bayan isha'i. Na kwana a wani masauki kusa da tasha, fanka tana juyawa sauro yana rera mini. Washegari muka nufi Gboko, inda lemon zaƙi ke zube a bakin titi, buhun da za ka saya a nan kuɗinsa ba zai cika maka kwando a 'Yan Lemo ba. Doya kuwa sai ka rantse ba sayarwa ake ba, sadaka ake yi.

A gadar Katsina-Ala na roƙi direba ya sassauta. Kogin ya ja baya saboda rani, mata suna wanki a kan yashi. Na san cewa wani ɓangare na ruwan nan daga tsaunukan da zan je yake fitowa, har da malalar Tafkin Nyos kansa. Bakin tafkin ta arewa wata katanga ce ta toka da tsakuwar aman wuta, wadda masana suka daɗe suna tsoron ɓallewarta. Wannan tsoro yana cikin dalilan da suka sa Nijeriya ta gina madatsar Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum ta jihar Taraba, don ta tare ambaliyar kafin ta iso garuruwan Binuwai. Na gaya wa maƙwabcina a mota, wani ɗan kasuwar manja. Ya dubi kogin, ya dube ni, ya ce, "Allah Ya kyauta," ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Daga Ogoja ƙasa ta fara canja riga. Kuka da ɗorawa suka ɓace, kwakwar manja da koko suka karɓi hanya. A Ikom na yi canji wurin 'yan uwanmu, waɗanda ba a rasa su a kowace iyaka. Sefa dubu ta tashi mini kusan naira ɗari biyar. Mai canjin ɗan Nijar ne, ya ce mini jika goma, na yi tsaye ina lissafin Kano, inda jaka take naira ɗari biyu. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, a nan jika sefa dubu ce. In ka haye, Fulani za su ce maka boro. Riƙe wannan kada a yi maka dariya a kasuwa."

Muka haye tsohuwar gadar ƙarfe ta Mfum zuwa Ekok. Aikin takardu bai ɗauki lokaci ba, sai dai tukwanen nan biyu sun ja ido. Na fito da na'ura, na ce wa jami'in ya hura mata numfashi daga ɗan nesa. Lamba ta yi tsalle, jiniya ta ɗauka, ya ja da baya, abokan aikinsa suka fashe da dariya. Na bayyana masa cewa numfashin kowane ɗan Adam yana ɗauke da kusan kashi huɗu cikin ɗari na iskar, wato 40,000 cikin miliyan, ba wani laifi ne a ƙirjinsa ba. Ya buga hatimi yana murmushi. A raina na ce wannan wasa ne, ba awo ba. Huri yana nuna na'ura tana da rai, amma ba ya nuna tana da gaskiya.

Mamfe zafi ne mai ɗanko, irin wanda riga ke manne wa baya. Daga nan sabon titi ya fara hawa, ta Widikum da Batibo da Bali, kunne yana toshewa yana buɗewa. Kafin magariba na ciro rigar sanyin da na cire tun Lafiya. Muka shiga Bamenda fitilu sun kunnu a ƙasan wani dogon gangaren dutse.

Abokina ya tare ni ya kai ni tsohuwar unguwarsu, wadda ake kira Old Town. A nan fatake da mahauta Hausawa suka fara sauka tun zamanin Jamus, kuma sunan Abakwa da 'yan garin ke yi wa Bamenda kirari da shi daga wannan zango ya samo asali. Hausarsu tana nan daram, sai dai ta sha ruwan Turancin buroka, za ka ji an fara zance da "wallahi" an rufe shi da kalmar da ba ka taɓa ji a Kurmi ba. Aka ba ni ɗakin ƙaninsa, shi ya koma zaure. Na yi ƙorafi, mahaifiyarsu ta ce, "Ɗana, baƙo ba ya zaɓar inda za a karrama shi. Shiga ka kwanta."

Na ci tuwon masara da wani ganye da suke kira njama-njama, wanda aka soya da manja. Na ci acu, wato gwaza da aka kirɓa ta yi laushi, aka yi mata rami a tsakiya aka zuba miya rawaya ta manja da kanwa, ana lakata da yatsa. Tsirensu suna ce masa soya, kuma masu gasa shi namu ne. Fiya uku manya sefa ɗari, abin da a Kano sai mai ido da kwalli. Amma gero da dabino sun fi namu tsada nesa, kuma tumatirin gwangwani da taliya da na gani a shaguna, rabinsu daga Nijeriya suka hau.

Da safe bayan biki na fito tsakar gida na kunna na'ura. Ta nuna 370. Gabana ya faɗi, domin babu inda iskar fili take ƙasa da 400 haka a cikin gari mai motoci. Na ɗaura mata tukunyar 5,000, ta ba ni 4,540. Kwana huɗu kacal da saiti! Na fara zargin girgizar hanya, sai na tuna inda nake tsaye. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Bamenda kuwa ta haura 1,200. Duk hawan mita dubu, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin goma ko ɗan fiye, ƙwayoyin iskar da ke shiga tsakanin fitila da ido su ragu, na'urar da ba ta da ma'aunin nauyin iska a cikinta ta ƙirga ƙasa da abin da ke akwai. Kuskuren ma ta ɓangaren da ya fi muni ne, domin ragewa take yi. Da ƙarawa take, da sai ta tashe ka a banza. Mai ragewa kuwa barin ka take kana barci.

Ina durƙushe ina sake saiti, ina kawar da fuska don kada numfashina ya gurɓata awon, kakar abokina ta tsaya a kaina da carbi. Ta ce, "Kai yaro, me kake dafawa a tukunyar da ba wuta?" Na ce, "Goggo, mudu nake gyarawa. Na auna iska ne." Ta ce, "To da wane mudun kake auna mudun?" Na nuna mata tukunyar. Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka mahaifina yake yi a kasuwar hatsi. Yana da tiya guda da ba ya awo da ita, sai gwada sauran. Ranar da ta lotsa ya jefar." Shekara goma ina bayyana aikina ga manajoji, ban taɓa samun wanda ya gane shi da sauri kamar tsohuwar nan ba.

Kwana biyu bayan haka muka kama hanyar Wum, wadda yanki ce ta titin zobe da ya kewaye tsaunukan lardin. Ƙaramar mota ce, mu takwas, har direba da abokin zama a kujerarsa, yana miƙa hannu ta kan cinyar mutum yana sa giya. Na ce ashe direbobinmu na Kwanar Dawaki masu tausayi ne. Muka wuce Bafut, kwalta ta yi ta ɓacewa tana dawowa, muka tsaya muka leƙa magangarar ruwan Menchum tana zuba cikin rami da ƙara kamar jirgi. Bayan Befang mota ta sake hawa. Tuddai ne masu ciyawa, an ƙone wasu don sabon toho, shanu farare sun bazu a kansu kamar an shanya kaya.

A Wum wani surukin abokina ya karɓe mu, washegari ya kai mu Ukpwa, ɗaya daga cikin matsugunan da gwamnati ta zaunar da waɗanda suka tsira. Fulanin wannan ƙasa kashi biyu ne: Jafun masu jajayen shanu, waɗanda sunansu ke komawa ga Jahun ta ƙasarmu, da Aku masu fararen shanu da suka biyo baya daga Nijeriya. Da dattijon gidan da muka sauka ya ji daga Kano nake, ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce kakanninsa ma daga can suka taso. Aka shimfiɗa mana buzu, aka kawo kindirmo mai kauri a ƙwarya da shayi mai madarar da aka tatsa da safen. Na sa hannu a aljihu don yara, ya harare ni har na ji kunya.

Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Daren Alhamis ne, 21 ga Agustan 1986, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, damina tsaka. Ya ce wajen ƙarfe tara suka ji ruri daga wajen tafki, kamar tsawa a cikin ƙasa. Shi yana kan tudu wurin wata saniya mai naƙuda, iyalinsa suna ƙasa. Ya ji kansa ya yi nauyi, ya zauna, bai sake sanin inda yake ba sai da rana ta yi tsaka.

"Da na sauko, ɗana, abin da ya fara ba ni tsoro shiru ne. Ba kukan tsuntsu, ba zakara. Shanu kwance kamar an ce su kwanta. Ga gawa ko'ina, amma ko ƙuda babu. Bukka ba ta faɗi ba, ƙwarya tana inda aka ajiye ta. Fitilar da na bari a kunne ta mutu da kananzir a cikinta."

Na ce, "Baffa, mutum nawa?" Ya ɗaga yatsu tara. Ya ce, "Allah Ya ba ni, Ya karɓa." Muka yi musu addu'a. A lissafin hukuma mutum 1,746 suka rasu a daren, da dabbobi kusan 3,500, a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum da kewaye, har nisan kilomita 25 daga tafkin. Iskar ta bi kwari ne kamar yadda ruwa zai bi. Wanda ke sama ya tashi, wanda ke ƙasa bai tashi ba.

Maganar fitilar ta tsaya mini a rai, domin masu haƙar rijiya a ƙauyenmu sukan zura fitila da igiya kafin su shiga tsohuwar rijiya, in ta mutu su fasa. Dabara ce mai kyau, amma tana makara. Ƙa'idar wurin aiki ita ce kada mutum ya wuni awa takwas a iskar da ta wuce 5,000 cikin miliyan. A 40,000 rai yana cikin haɗari nan take, a kashi goma cikin ɗari mutum yana suma cikin 'yan mintuna, kuma wuta tana iya ci a inda mutum ya riga ya fara jiri. Ko na'urar auna iskar oksijin ba ta wadatar ba: in kabon dayoksaid ta kai kashi biyar cikin ɗari, oksijin yana sauka ne daga 20.9 zuwa kusan 19.9 kawai, bai kai 19.5 da ake sa jiniya ba. Na'ura tana cewa lafiya, mutum yana faɗuwa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan wannan iska, ido bai san komai ba.

Zuwa tafkin sai a kan babur. Muka bi ta Weh, jar ƙura ta mayar da mu kamar an tono mu, muka ratsa kwarin da ƙauyen Nyos yake. An hana komawa bayan abin da ya faru, amma ga gonakin masara, ga hayaƙi yana tashi daga wasu bukkoki. Ɗan acaɓan ya ce ƙasar nan ko sanda ka dasa sai ta tsiro, ciyawarta kuma ba ta da na biyu, wa zai bar ta? Muka hau wata hanya mai tsayi, muka gaisa da sojojin da ke gadi, suka duba takardunmu, muka wuce.

Gani ya kori ji. Na zaci zan ga wani abu mai ban tsoro, sai na ga tafki mai kyau, kewaye da duwatsu masu tsayi da ciyawa, ruwansa ya ɗan yi ja-ja saboda ƙarfen da ke tasowa daga ƙasa yana tsatsa. Bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, zurfinsa ya haura mita 200. Daga can ƙarƙashi iskar ke tsattsafowa tana narkewa a ruwan ƙasa, nauyin ruwan sama ya danne ta, kamar murfi a kan kwalbar lemo. Ruwan ƙasa da na sama ba sa gauraya, don haka iskar ta yi ta taruwa shekara da shekaru. Ranar da wani abu ya motsa ruwan ƙasa ya taso, kumfa ta ja kumfa, kwalba ta buɗe gaba ɗaya. Haka ya faru a Tafkin Monoun a 1984, inda mutum 37 suka rasu, kafin na Nyos da shekara biyu.

A tsakiyar ruwa ga farin ruwa yana tsiri sama daga kan wasu dandamali masu iyo. Bututu ne aka zura har kusa da gindin tafkin. Da zarar an ja ruwan ƙasa ya fara hawa, iskar cikinsa ta fito ta tunkuɗa shi sama da kanta, ba inji ba mai. An kafa na farko a 2001, ƙarƙashin jagorancin masanin Faransa Michel Halbwachs, aka ƙara biyu a 2011. Masana daga Japan, irin su Minoru Kusakabe, sun shafe shekaru suna auna ruwan tare da cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta Kamaru. Ana buɗe kwalbar ne a hankali, yadda mai hankali ke yi wa lemon da aka girgiza.

Na kunna na'urata a bakin ruwa. Na riƙe ta a ƙirji, na sauke ta gwiwa, na ajiye ta a ƙasa cikin wani ɗan lungu. Lambar ba ta fi ta tsakar gidana a Kano da wani abin kirki ba. Abokina ya ce, "Ka sha wannan tafiya don ka ga ba komai?" Na ce masa da la'asar ɗin ranar 21 ga Agusta ma abin da za ta nuna ke nan.

A nan muka haɗu da wani matashi mai aiki irin nawa, ya zo duba kayan awo. An kafa na'urori masu aiki da hasken rana a yankin, masu jiniya, kuma an koya wa mutane cewa in ta yi kuka a bar komai a hau tudu. Da ya ga tukwanena sai ya yi murmushi irin na wanda ya ga ɗan garinsu a Makka. Muka zauna a kan dutse, shi da Turancin buroka, ni da nawa na makaranta, muna lissafa abokan gabarmu, sai ga shi duk ɗaya ne. Ƙurar rani tana toshe matatar bakin na'ura. Danshin damina yana kwanciya a kan madubi. Kashin tsuntsu yana rufe farantin sola, batir ya mutu cikin dare, daidai lokacin da iska ke kwanciya mutane kuma suna barci. Zanzaro yana samun ƙofar shigar iska ya yi ginin laka a ciki. Na ce masa mu a kamfani muna kafa tamu ƙasa da gwiwa, muna ba ta ɗan gas a kai a kai mu ga ko za ta yi ihu, cikakken saiti kuma duk wata shida, ko yadda maƙerinta ya ce.

Ya kawo wata magana da na daɗe ina faɗa da ita. Yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa don ofis da aji suna gyara kansu da kansu: sukan ɗauki lamba mafi ƙanƙanta da suka gani a cikin kusan mako guda su ce ita ce 400. A ɗakin da ake buɗe taga wannan daidai ne. A ɗakin ƙasa ko ramin da iskar ba ta taɓa sauka ba, na'urar za ta koyi ɗaukar guba a matsayin lafiya. Ya ce, "Irin wannan wuri, kashe mata wannan wayon, ka zo da tukunya." Sannan ya ƙara da abin da ban taɓa tunani ba. In za a gwada jiniya, sai an gaya wa mutane tukuna. In ta yi ta kuka a banza, rana ɗaya za ta yi na gaske a ce ai halinta ne, a gyara kwanciya.

Mun koma Wum da dare, na kasa barci saboda ciwon baya da tunani. Bututun da jiniyar duk an yi su da kuɗi masu yawa da ilimi mai zurfi. Amma tsakanin dattijon Ukpwa da wani daren irin wancan, abin da ke tsaye shi ne mutum guda da tsumma da tukunyar gas da littafi, wanda zai hau babur ya je ranar da aka ce ya je, ko da ya san ba mai bin sawunsa. A ƙarshen shekarar rikici ya ɓarke a lardunan Kamaru masu amfani da Turanci, hanyoyin da na bi suka zama na tsoro, ban sake komawa ba. Abokina da iyalinsa muna gaisawa ta waya.

Daga waccan tafiya na iso Kano ranar Lahadi da buhun fiya da rabinsa ya nuna a hanya, da ganyen shayin Ndu da Goggo ta cusa mini a jaka. Litinin da sassafe na sauka ɗakin ƙasa na kamfani, inda akwai wata na'ura a bayan tankuna, wurin da sai an rarrafa. Fitilarta kore, lambarta kyakkyawa, kuma ni da hannuna na sa hannu a takardarta wata biyu da suka wuce, daga tsaye, ba tare da na durƙusa ba. Na ba ta gas ɗin 5,000. Minti ɗaya, minti biyu, lamba tana rarrafe kamar mai ciwon ƙafa, jiniya shiru. Na kwance murfin bakinta. Zanzaro ya yi gininsa a ciki, ya shafe ƙofar da laka sumul, har da 'ya'ya.

Na kankare, na canja matata, na yi sifiri, na yi 5,000, jiniya ta ɗauka har masu shara suka leƙo. Na buɗe littafi, na ja layi a kan sa hannuna na baya, na rubuta abin da na tarar a gefe da jan biro, don wanda zai gaje ni ya gani. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce, "Oga, ba ka tsoron manaja ya karanta?" Na ce masa ya ɗauko tabarma, akwai sauran guda shida, kuma duk a durƙushe za mu duba su.